Salak ɗin kifi da dankali irin na mutanen Denmak: zai yiwu da shawa?

Ummu Khalil (Kano):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda ke zaune a Denmak ko suka san girkinsu, ina neman yadda ake haɗa salak ɗin nan nasu na kifi da dankalin turawa mai launin ruwan hoda. Maigida ya je kwas can, aka ba shi a liyafar rufewa, tun da ya dawo ba shi da zance sai nasa. Iyakar abin da ya iya faɗa min shi ne akwai tsami, akwai zaƙi, da sanyinsa ake ci, kuma a kan baƙin burodi aka ɗora. Wane kifi ne, ana samunsa a nan?

Maman Iman (Aarhus):
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sildesalat ya ci, ba ko shakka. Kifin suna ce masa sild, shi ne wanda ake kawowa Najeriya a daskare cikin kwali ana sayar da shi da sunan shawa. Launin kuma daga bitirut (beetroot) yake, wata jar saiwa ce da ake ci, wanda aka jiƙa a ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar.

Ga yadda nake nawa, na mutum huɗu zuwa biyar. Tsokar kifi wadda ta riga ta jiƙu a khal kamar giram 250. Dankali giram 400, a dafa shi da ɓawonsa, a bari ya huce sarai kafin a ɓare. Bitirut mai tsami giram 250. Tuffa ɗaya babba, kore mai ɗan tsami. Albasa ƙarama. Kokwamba mai tsami ɗaya in akwai. Duk a yanka su ƙanana daidai wa daida, kada su wuce girman ƙwayar gyaɗa, albasar kuma ta fi haka ƙanƙanta. A wani kwano daban ki haɗa kirim mai tsami kamar kofin shayi ɗaya, mayonis cokali biyu, mustad cokali ɗaya, masoro, sai ruwan bitirut ɗin cokali biyu ko uku. Ki juye a kan kayan, ki juya a hankali da ludayi don kar dankalin ya dame. Kada ki sa gishiri sai kin ɗanɗana, kifin yana ɗauke da nasa. Ki rufe ki sa a firji ya kwana. Da kika haɗa za ki ga launin dabbare-dabbare, wani wuri fari wani ja, sai washegari yake zama ruwan hoda bai ɗaya. In za a ci a yanka dafaffen ƙwai a jera a sama.

A nan aikin minti 20 ne, don kifin da bitirut ɗin duk a kwalba muke saye a shirye. Ke kuwa sai kin yi su da kanki, nan aikin yake.

Hajiya Turai Mai Girki (Kano):
Tsaya tukuna Maman Iman. Na karanta sama da ƙasa ban ga inda aka ɗora kifin a wuta ba. Ko kin tsallake layi ne?

Maman Iman (Aarhus):
Ban tsallake ba Hajiya. Ba ya ganin wuta. Gishiri da khal ne suke nuna shi.

Hajiya Turai Mai Girki (Kano):
Tabɗi. Ɗanyen kifi, da sukari, da tuffa, da madara. Ummu Khalil, ki soya wa mijinki shawarsa ki yi masa yajin ƙuli ku zauna lafiya.

Baba Ɗanjuma (Odense):
Hajiya, ki yi haƙuri da tsoho ya sa baki. Ba ɗanye ba ne yadda kike zato. Kifin da ya yi watanni cikin gishiri a ganga, aka fito da shi aka wanke, aka sake nutsa shi a khal, in kin yanka shi za ki ga tsokar ta yi fari ta ɗaure, ba jini ba santsi. Har ƙananan ƙayoyin nan da suka sa yara ke gudun shawa tsamin yana tausasa su, ba ka jin su a baki.

Kuma ba don gayu suka ƙirƙiro abin ba. Kifin nan ya taɓa zama dukiyar ƙasar. Tun wajen shekarun 1200 ake cin babbar kasuwarsa duk kaka a Skanør da Falsterbo, a bakin mashigin ruwan Øresund. Yau yankin yana cikin Suwidin, amma na Denmak ne har 1658. Marubucin tarihinsu Saxo ya rubuta cewa kifin kan cika mashigin har kwalekwale ya kasa wucewa, mutum ya sa hannu ya kamo. Fataken Jamus daga Lübeck su ne ke kawo gishiri daga Lüneburg, a gyara kifin a bakin ruwa, a danƙare shi a ganguna, a bazu da shi Turai, domin a lokacin Kiristocinsu suna da ranakun azumi masu yawa da ba a cin nama. Sarkin Denmak kuma yana zaune yana karɓar haraji. Mutanen da ba su da firji, ga hunturu mai tsawo, to gishiri ne ya riƙe su. Dankalin ma baƙo ne a kan kifin, sai a shekarun 1700 ya shigo, ta hannun Faransawa 'yan gudun hijira da suka zauna a Fredericia, da kuma manoman Jamus da aka kawo yankin Jylland wajen 1760.

Hajiya Turai Mai Girki (Kano):
Baba, Allah ya ƙara girma, tarihi ya yi daɗi. Amma su suna da ƙanƙara a ƙofar gida. Mu nan a watan Afrilu ko dafaffiyar shinkafa ka bari daga rana zuwa magariba sai ta yi yami.

Sista Bilki (Kaduna):
Maganar Hajiya abin dubawa ce, kada a ɗauke ta wasa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in faɗi abin da na sani. Wannan kifin yana iya ɗaukar wata tsutsa da ake kira anisakis, siririya fara, takan nannaɗe a cikin hanjinsa, wani lokaci ta shige tsoka. A Holan aka fara gano tana kama mutane, a 1960, kuma ta hanyar wannan kifin ne da suke ci da ɗan gishiri kaɗan. In ta shiga cikin mutum da rai tana maƙale wa bangon ciki, ciwon ciki mai tsanani da amai. Khal da ake girki da shi ba a dogara da shi wajen kashe ta. Abu biyu ke kashe ta tabbas, wuta ko daskarewa. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce duk kifin da za a ci ba dafawa sai an daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24. Hukumar abinci ta Amurka ma kwana 7 ta ce a wannan sanyin. Firizar gidajenmu da wuta ke zuwa tana tafiya, wa zai rantse ta kai haka?

Alhaji Mai Kwali (Sabon Gari):
Sista, a nan kam zan yi magana don sana'ata ce. Shawar da muke saukewa tun daga can Turai aka daskarar da ita, ta shigo jirgin ruwa a daskare, ta yi makonni a hanya kafin ta iso Legas, ta hau mota mai sanyi zuwa Kano. Tsutsar da ta yi wannan tafiyar a cikin ƙanƙara ai ta daɗe da mutuwa. Ta wannan ɓangaren ku kwantar da hankalinku.

Sai dai in za ki yi wannan abin, hajjaju, kada ki sayi wanda aka baza a tire tun safe. Ki je ɗakin sanyi a buɗe kwali a gabanki. Ki duba jikin kwalin, za ki ga an rubuta Clupea harengus, shi ne ainihin kifin, don akwai wasu 'yan uwansa da ake haɗa su a suna ɗaya a kasuwa. Kifin ya zama a miƙe, a manne da juna, jikinsa na ƙyalli kamar azurfa. In kin ga ƙanƙara ja-ja ta taru a gindin kwalin, ko kwalin ya taɓa jiƙewa ya bushe ya yi taswira, to ya taɓa narkewa aka mayar. In cikin kifin ya fashe ko gefen cikin ya yi rawaya, mansa ya fara lalacewa. Wannan ko ni da nake sayarwa ba zan ce ki ci shi ba wuta ba.

Sista Bilki (Kaduna):
Alhaji na yarda da kai a kan tsutsa, in dai kifin kwali ne. Amma narkewar nan da ka ambata ita ce babbar damuwata. Shawa da titus suna cikin kifayen da in suka ɗau zafi, ƙwayoyin cuta ke haifar da wani sinadari a tsokarsu mai suna histamin. Mutum na ci, kafin awa ɗaya fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya sara, wani har gudawa. Mutane da yawa suna cewa kifi ne bai karɓe su ba, alhali kifin ne ya kwana a zafi. Abin haushin, in ya riga ya samu ko suya ba ta kawar da shi, balle khal. Don haka zaɓen kifin shi ne farko ko da wace hanya za a bi. Na biyu, bayan an haɗa, salak ɗin nan yana da kirim da mayonis da ƙwai, dole ya zauna a firji mai sanyin da bai wuce digiri 5 ba. Wanda ba shi da sola ko tsayayyar wuta, ni shawarata kada ya fara.

Ummu Khalil (Kano):
Muna da sola alhamdu lillahi, firjin ba ya mutuwa. Amma gaskiya jikina ya yi sanyi. Anti Maman Iman, in mutum ya dage zai yi, yaya ake jiƙa kifin?

Maman Iman (Aarhus):
To ga shi, amma ki riƙe sharuɗɗan Alhaji da Sista. Ki bar kifin ya narke a cikin firji, ba a rana ba, ba a ruwan zafi ba. Ki cire kai da hanji, ki tsaga shi ta ciki, ki kifa shi a katako ki danna bayan da tafin hannu, sai ki juyo ki ja ƙashin tsakiya daga wajen kai zuwa jela, yawancin ƙayoyin za su biyo shi. Ki kankare baƙin nan na cikin ciki ki wanke. A roba mai murfi ki zuba gishiri mai tsakuwa, ki jera kifi, ki rufe da gishiri, haka har ya ƙare. Firji, kwana biyu zuwa uku. Za ki tarar ya fitar da ruwa ya yi tauri. Ki ɗauraye, ki jiƙa a ruwan sanyi cikin firji na wasu awanni kina sauya ruwan, ki gutsiri kaɗan ki ji. Ana son gishirin ya ji amma ba mai sa mutum ya yamutsa fuska ba. Daga nan fatar za ta saluɓe da hannu.

Ruwan jiƙon: farin khal rabin lita, wanda aka rubuta kashi 5 cikin 100 a jikin kwalbar, sukari giram 250, ganyen bay uku, ƙwayoyin masoro cokali ɗaya. Su suna sa wani ƙamshi da suke kira allehånde, in babu ki jefa kanumfari huɗu, kar ki wuce haka. Ki tafasa har sukarin ya narke, ki sauke ya huce ya yi sanyi ƙalau. In kin zuba da ɗumi kifin zai farfashe. A kwalbar gilashi mai tsabta ki jera kifi da yankakkiyar jar albasa, ki zuba ruwan ya shanye kansu, ki rufe. Kwana uku a firji kafin a taɓa. Bitirut ɗin ma haka, ki dafa shi da ɓawonsa har wuƙa ta shige, ki murje ɓawon, ki yanka, ki zuba masa irin wannan ruwan a kwalbarsa daban. Shi kam da zafinsa za ki iya zubawa.

Hajiya Turai Mai Girki (Kano):
Sukari kwatan kilo a kan kifi! Wannan ai alawa ce.

Maman Iman (Aarhus):
Hajiya ke da kike dama kunun tsamiya, in kin hana shi sukari wa zai sha? Ba shanye ruwan ake yi ba, tsame kifin ake yi a bar ruwan a kwalba. Kina iya ragewa zuwa giram 180, amma in kin rage ƙasa da haka tsamin zai yi kaifi ya danne komai. Khal ɗin dai kada a taɓa shi, kada a tsinka shi da ruwa da yawa, shi ke tsare kifin.

Baba Ɗanjuma (Odense):
Ina da hanyar da za ta raba gardamar nan, kuma ba ƙirƙira ta na yi ba, tasu ce ta gargajiya. Suna da abin da suke kira stegte sild, soyayyen kifi a ruwan khal. A cire ƙashi kamar yadda 'yata Maman Iman ta faɗa, a barbaɗa gishiri da masoro, wasu su shafa mustad a ciki su ninke shi biyu, a birkiɗa a gari, a soya da man shanu har ya yi ja. Sai a jera a kwano mai zurfi, a zuba ruwan khal da sukarin nan a kai, a watsa albasa, ya kwana a firji. Da sanyinsa ake ci a kan burodi. A gidajen abincin gargajiya da yawa a Kwapanhagan, babban birninsu, za ka same shi a jerin abincinsu. Marigayiya maƙwabciyata, tsohuwa ce 'yar ƙasar, nata kullum akwai shi a firji, kuma ita ta fara ba ni na ci. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wancan ba, ya yi wannan, ya yi salak ɗin dankali da bitirut da tuffa daban, ya ɗora kifin a kai. Ɗanɗanon da mijinki yake nema, tsami da zaƙi da maiƙon kifi da sanyi, duk zai same su.

Maman Iman (Aarhus):
Baba, da girmamawa, wannan abinci ne mai daɗi amma wani abincin ne daban. In ta ajiye masa soyayye zai ce ba shi ba ne. Laushin kifin da bai ga wuta ba shi ne rabin abin, yana narkewa cikin kirim ɗin. Soyayye in an yanka shi ƙanana aka juya, garin jikinsa zai saki ya ɓata launin.

Baba Ɗanjuma (Odense):
Shi ya sa na ce a ɗora a kai, ban ce a juya ba. Kuma ke kina magana ne daga inda jirgi ke sauke kifi a Skagen ko Hirtshals yau, gobe yana kanti. Ita tana Kano.

Sista Bilki (Kaduna):
Ni ina bayan Baba. Mai ciki, ƙananan yara, tsofaffi, duk wanda jikinsa ba ƙarfi, soyayyen za a ba shi. Masu hawan jini kuma su san cewa na jiƙon gishirinsa ba kaɗan ba ne ko an wanke.

Malam Habu (Zariya):
Salamu alaikum. Na ga ana ta ambaton khal, wani ya turo min saƙo a gefe yana tambaya ko ya halatta tunda ana cewa daga giya ake yinsa. Khal halal ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Jabir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci burodi da shi ya kuma yabe shi a matsayin mahaɗi. Saɓanin malamai yana kan wanda ya ajiye giya da hannunsa ya sa mata wani abu don ta juye, ba a kan khal ɗin da ka tarar a kasuwa ya riga ya zama khal ba. Kifin teku kuma ba ya buƙatar yanka, kuma ba a shardanta dafa shi ba. Abin da ya rage maganar cutarwa ce, wannan kuma Sista ta fi ni sani.

Maman Iman (Aarhus):
Allah ya saka Malam. Tunda an zo nan bari in ja kunnen masu zuwa ƙasar nan, don ba a khal matsalar take ba. Na farko, kwalaben kifin da ke kanti kala-kala ne, akwai na kori, akwai na kayan ƙamshi, akwai kuma waɗanda ake zuba wa giya irin su sherry, sai an karanta jikin kwalba. Na biyu, wanda mutane ba su sani ba, a gidajen abincin gargajiya sau da yawa ba bota ake shafa wa burodin da za a ci da wannan kifin ba, kitsen alade ne, suna ce masa fedt. Fari ne, wani lokaci da soyayyiyar albasa a ciki, a ɗan ƙaramin kwano kusa da botar. Ka ga kifi ka saki jiki, ashe abin yana ƙasa. Ka ce smør kake so, shi ne bota. Na uku, wasu tsofaffin girke-girken salak ɗin nan ana yanka ragowar nama a ciki, don haka a gidan mutane tambaya ba laifi ba ne.

A liyafarsu ta ƙarshen shekara, julefrokost, da wannan kifin ake buɗe tebur, sannan sauran kifaye, sai a sauya faranti a shiga nama, a rufe da cuku. Mu dai a zagayen farko muke cika ciki, don abin da ke biyo baya yawanci alade ne. Da kifin ne kuma suke kora barasarsu da suke kira snaps, sai ka riƙe ruwanka tun da wuri.

Ummu Khalil (Kano):
Innalillahi. Bari in je in tambaye shi me aka shafa masa a burodin.

Ummu Khalil (Kano):
Ya ce shi da hannunsa ya shafa, daga 'yar takarda mai hoton saniya. Alhamdu lillahi.

Ɗan Bokkos (Jos):
Kun yi ta fama da kifi kun manta da dankali, alhali shi ya fi yawa a kwanon. Ba kowane dankali ke yin salak ba. Akwai mai gari, wanda in ya dahu yake fashewa, wannan na fate ne da suya. Ki nemi wanda muke kira Nicola, dogo-dogo ne, fatarsa sumul, cikinsa rawaya, in ya dahu yana riƙe jikinsa ko an yanka shi ƙanana. Muna nomansa a Bokkos da Mangu, yana zuwa Kano, ki tambaya a 'Yankaba. Ki zaɓi matsakaita masu girma ɗaya don su dahu tare. A ruwan sanyi za ki sa su da gishiri sannan ki kunna wuta, in kin jefa a tafasasshe bayan zai dame cikin bai nuna ba. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro ki ajiye shi gefe. Bitirut ma daga wajenmu yake zuwa, a Farin Gada tuli ne, ki ɗauki ƙanana masu tauri, manyan suna da zare a ciki.

Baba Ɗanjuma (Odense):
Ɗana ka yi daidai. Su ma nan irin mai riƙe jiki suke nema. Suna ji da dankali ƙwarai, sabon dankalin tsibirin Samsø in ya fara fitowa har labarai ake yi a kansa. Hutun makaranta na watan Oktoba ma tsofaffi har yanzu hutun dankali suke ce masa, don a da yara gona suke tafiya tono.

Rakiya (Maraɗi):
Sannunku da hira. Ni tambayata kirim mai tsamin nan. Nan wurinmu sai a manyan kantunan Yamai, kuma da tsada. Kindirmo ba zai yi ba?

Maman Iman (Aarhus):
Zai yi sosai Rakiya, na gwada da na zo gida hutu. Amma wanda aka yi da tafasasshiyar madara, marar sukari, kuma ki juye shi a ƙyalle mai tsabta ki rataye a cikin firji da kwano a ƙasa, ruwan ya ɗige ya yi kauri. In kin zuba shi yadda yake, washegari za ki tarar da ruwa ya kwanta a gindin kwano. Tunda bai kai kirim maiƙo ba sai ki ƙara mayonis cokali ɗaya. Tsofaffinsu ma ba da kirim suke yi ba, bota suke narkawa su zuba fulawa da madara su dama ya yi kauri, ya huce, su sa mustad da ruwan bitirut. Wannan hanyar ko'ina za ta yiwu.

Fuseina (Nima, Accra):
Mu nan muna da ɗanyen kifin daga teku, daga Yuli zuwa Satumba yana cika bakin ruwa har ya yi araha. Zan iya amfani da shi? Mutanen Denmak ɗin ma ai sun zauna a nan, su suka gina fadar Osu kafin su sayar wa Ingila a 1850.

Alhaji Mai Kwali (Sabon Gari):
Naku ɗan uwansa ne, ba shi ba ne, na ruwan ɗumi ne. Zai jiƙu, amma tunda bai taɓa shiga ƙanƙara ba maganar tsutsar da Sista ta yi ta dawo kanki.

Sista Bilki (Kaduna):
Haka ne. Fuseina ko dai ki daskarar da shi mako guda a firiza mai ƙarfi da ba a yawan buɗewa, ko ki bi hanyar Baba. Kuma ki saya da sassafe a hannun masu kwalekwale, ki sa shi a ƙanƙara tun daga bakin ruwa.

Baba Ɗanjuma (Odense):
Ko ki yi da mai hayaƙi, 'yata, wanda aka yi wa banda mai laushi bai bushe ƙarau ba. A tsibirin Bornholm sana'arsu ke nan, gidajen banda masu fararen bututun hayaƙi a jere a bakin teku. Suna cin bandarren kifin da salak ɗin dankali mai sanyi, dankali da kirim da ganyen albasa kawai, ba bitirut. A kan burodi kuma suna ɗora masa ɗanyen gwaiduwar ƙwai, wannan kam ni ma ban bi su ba.

Hajiya Turai Mai Girki (Kano):
Yauwa, yanzu aka zo wajen da zan iya zama. Bandarren kifi, dankali, kindirmo, lawashi. In na yi zan yanka attaruhu a ciki, kowa ya ce abin da zai ce.

Maman Iman (Aarhus):
Ki sa Hajiya, amma ki sa masa sunanki, kada ki jingina wa mutanen Denmak. Abincinsu na gargajiya ba ya ɗaukar yaji irin na attaruhu.

Ummu Khalil (Kano):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yanke zan raba kifin biyu, rabi jiƙo rabi suya, yara su ci soyayyen. Saura burodin. Namu na shayi zai yi?

Maman Iman (Aarhus):
Shi ne kaɗai abin da ba zan ce miki eh ba. Burodinmu yana da sukari da laushi, ga salak ɗin da zaƙinsa, za su haɗu su gundure ku, kuma zai jiƙe ya lotse tun kafin a kai baki. Nasu rugbrød ne, baƙi, mai nauyi, mai tsami, cike da ƙwayoyin hatsi, ana yanka shi siriri kuma da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci. Ki nemi burodin alkama zalla marar sukari a gidajen burodin Lebanawa ko manyan kantuna, ki yanka siriri, ki gasa shi a kasko ba mai har ya yi ƙarau, ki shafa bota har gefe-gefe don kar ruwan salak ɗin ya ratsa. In bai samu ba ku ci da cokali, ku ƙara dankali a gefe.

Rakiya (Maraɗi):
Kwana nawa yake yi in an haɗa?

Maman Iman (Aarhus):
Salak ɗin kwana biyu, iyaka uku, a rufe a firji, kuma a ɗebi wanda za a ci a mayar da sauran nan take. Kifin da ke kwalba yana kai mako ɗaya zuwa kwana goma muddin ruwan ya rufe kansa kuma da cokali mai tsabta ake tsamowa. Ruwan da aka tsame kifi daga ciki a zubar, kada a sake jiƙa wani sabo da shi.